Hayaƙin da Ba Ya Fita

Katangar da ke tsakanina da gidan Mai Sikeli gajeriya ce. In na hau bencina, ina ganin tsakar gidansu duka. A nan nake ganin Gwaggo kullum da hantsi, zaune a kan buhu, waya a cinya, reza a hannu.

Mai Sikeli tsofaffin ƙarafa yake saye: matattun fankoki, injinan da suka ƙone, wayoyin wuta na gidajen da aka rushe. Ribarsa tana cikin jan ƙarfen da ke cikin wayar, amma masu saye ba sa karɓarsa da rigarsa ta roba, sai an tuɓe. Gwaggo ce mai tuɓewa. Ƙanwar mahaifinsa ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, sai ta zauna a wurinsa. Duk unguwa Gwaggo ake ce mata, har ni da na girme ta.

Na gyara laima shekara da shekaru, na san hannun da ya iya aiki. Takan ɗaura bakin wayar a ƙusa, ta ja ta miƙe, ta bi ta da reza a hankali kamar mai tsaga kifi, sai robar ta buɗe baki, jan ƙarfen ya fito yana sheƙi. Shi sai ta jefa a kwano. Rigar kuwa ba ta zubarwa. Ja, shuɗiya, rawaya, koriya, duk tana tarawa a buhu, da yamma ta zauna tana saƙa faifai da su. Ban taɓa ganin abu mai kyau ya fito daga shara kamar wannan ba. Ta ba ni ɗaya ta kan katanga, na rufe kofina saboda ƙuda.

"Mai Laima," takan ce, "yau ma tururuwa ake kallo?"

"Su ma aiki suke yi, Gwaggo."

"To ka ce su zo su taya ni, tunda kai ka ƙi."

Wata yamma matar Mai Sikeli ta ɗauki faifai ɗaya tana jujjuya shi. Ta ɗaga, ta sauke, ta sake ɗagawa.

"Baban yara, zo ka ji wani abu. Roba ce kawai za ta yi wannan nauyin?"

Ya karɓa ya auna a tafin hannu. Mutum ne da hannunsa ma sikeli ne, ko gaisawa kuka yi sai ka ji kamar yana auna ka. Ya dubi kwanon jan ƙarfen, ya dubi faifan.

"Saƙar ce na matse," in ji Gwaggo. "In kuna shakka, ku warware ku gani."

"Haba, Gwaggo!" ya ce. "Wa ya ce kin yi wani abu? Ni in warware miki kaya? Allah ya kiyaye."

"A'a, ɗan nan, warware. Ga reza."

"Na ce a bar maganar."

Aka bar maganar, amma ba ta bar gidan ba. Da ya warware a ranar, da komai ya wuce. Ya ƙi, sai zargin ya samu wurin zama. Tun daga nan in Gwaggo ta tashi shiga bayi, matar sai ta zo ta leƙa ƙarƙashin buhun da take zama. In ta ɗaura zani, ana kallon bakin zanin.

Ba a jima ba Mai Sikeli ya karɓe rezar.

"Idonki ya yi rauni, Gwaggo. Kada wata rana ki yanke jijiya, mutane su ce na bar ki da reza. Daga yau ƙonawa za a riƙa yi. Ya fi sauri ma."

"Ƙonanne ba ya daraja kamar wanda aka fere," ta ce.

"Ko ba ya daraja," matar ta amsa daga bakin murhu, "ai wuta ba ta da aljihu."

Gwaggo ta ji. Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta.

Aka kawo rabin duro aka ajiye a tsakar gida. Ana cusa wayar a ciki, a yayyafa kananzir, a ƙyasta. Amma ba a barin wayar tana ci ita kaɗai. Sai wani ya tsaya a kai da sandar ƙarfe yana juyawa, don in ta daɗe a wuri ɗaya jan ƙarfen ya ƙone ya yi gautsi, in ba ta kai ba robar ta manne. Wanda zai tsaya a kai, Gwaggo ce.

Ranar farko na hau benci na kasa sauka. Harshen wutar kore ne shar, wani wuri shuɗi, kamar wuyan zakara. Na ce, "Gwaggo, wannan wace irin wuta ce?"

"Jan ƙarfen ne ke yin koren," ta ce tana kare fuska. "Roba ita kaɗai ja take ci, da baƙi. Sauka daga nan, tsoho, kada ka shaƙa."

Hayaƙin kuwa baƙi ne ƙirin, mai nauyi, ba ya tashi sama kamar na itace. Yana bin gidaje yana sauka a kan shanya. Tela ya fito da farin yadin wani ya nuna wa kowa ɗigon baƙin da ke kai. Mai shayi ya ce har cikin madararsa. Suka taru a ƙofar Mai Sikeli suka ce ko ya daina, ko su kira masu duba-gari. Ya ba su haƙuri sosai, har da dafa ƙirji.

Washegari babu hayaƙi. Jibi ma babu. Unguwa ta yaba masa, aka ce mutum ne mai jin magana.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Buhunan waya suna shiga gidan kamar da. Baƙin jan ƙarfe yana fita kamar da. Duron ya ɓace daga tsakar gida, Gwaggo ma ta ɓace. Na zauna ina tambayar kaina: abin da aka ƙona, ina hayaƙinsa yake zuwa?

Tsaka ce ta ba ni amsa. A jikin katangata, ta wajen da ɗakinsu na baya ya jingina, akwai tsaka da suka daɗe suna zama, har na san mai yankakkiyar wutsiya a cikinsu. Sai na ga sun yi ƙaura gaba ɗaya zuwa ɗaya bangon. Gizo-gizon kusurwar ma ya bar saƙarsa ya tafi. Na dafa bangon, na ji shi da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Na kara kunne, sai na ji ƙarar ƙarfe yana gogar ƙarfe, ƙurr, ƙurr, a tsaya, a ci gaba. Tsakanin ƙarar kuma, tari.

Na hau benci na miƙa wuya. Tagar ɗakin an toshe ta da buhuna da kwali. Ƙarƙashin ƙofar an cusa tsumma. Sai da yamma, lokacin da kowane gida ya hura wutar girki, matar take zuwa ta buɗe ƙofar kaɗan, ta ja da baya da sauri, hayaƙin ya sulale ya shiga cikin na jama'a. A lokacin Gwaggo take fitowa, mayafi a hanci, ta zube a gindin katanga tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

"Gwaggo," na ce a hankali, "a ciki kike wuni?"

Ta ɗago. Idanunta jawur, gefen hancinta baƙi.

"Ina fitowa shan iska," ta ce. Muryarta ta dushe, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Ki ce ba za ki iya ba."

"In ce wa wa? Abincinsu nake ci, Mai Laima. Kuma in na ƙi wutar, cewa za su yi rezar nake so a dawo mini da ita, don in ci gaba da abin da suke zato."

Ta yi tari ta tofar a ƙasa. Abin da ya fito baƙi ne. Ta sa ƙafa ta rufe da ƙasa kafin matar ta gani.

Da safe na je rumfar Mai Sikeli. Yana tsaye yana auna wani tsohon injin ban ruwa. Na gaishe shi, na ce ina da magana a kan Gwaggo.

"Baba, ita ce ta ce tana so," ya ce, bai ɗago daga sikelin ba. "Zaman banza ne ke kashe tsoho, ba aiki ba."

"Hayaƙin fa?"

"Wane hayaƙi? Ka ga hayaƙi a unguwar nan? Ku kuka ce ba ku so, na kawar muku. Kuma ina saya mata madara kullum. Duk mai wannan sana'ar ya sani, madara tana wanke ƙirji tas."

"Ba ta wanke ba. Na ga abin da take tofarwa."

Sai ya bar sikelin ya juyo.

"Ka gani? Daga ina ka gani? Baba, da girmanka kake leƙen gidan mutane? Ni ma akwai abin da na daɗe ina son tambaya. Wannan katangar, me da me ke bi ta kanta? An ce akwai faifai a ɗakinka."

"Akwai. Zo ka warware shi."

"Allah ya kiyaye," ya ce. "Ni ban zargi kowa ba."

Haka yake. Bai taɓa zargin kowa da baki ba.

Tarin ya ƙaru har ana jin sa daga titi. Sai matar ta samo sabuwar magana. Na ji ta tana gaya wa wata maƙwabciya a bakin ƙofa: "Ni tsoro nake ji, irin tarin nan ne mai yaɗuwa. Ga yara a gida." Aka ware wa Gwaggo kofi, aka ɗaura masa guntun jar waya a hannu don kada a yi kuskure. Aka ware kwano. Aka hana yaran zuwa kusa da ita, su da suke kwana a jikinta. Daga baya aka ɗauke tabarmarta daga ɗakin yaran aka kai ɗakin baya.

"Tunda can ta saba," in ji matar. "Kuma akwai ɗumi. Mai tari ɗumi yake so."

Yanzu wurin aikinta ya zama wurin kwananta. Bangon ɗakin ya sha hayaƙi har yana maiƙo. Ko an kashe wuta, warin yana nan yana jiran ta.

Mai Sikeli ya je wurin mai kemis ya ce tsohuwarsa tana tarin tsufa, aka ba shi kwalbar maganin tari mai zaƙi. Na bi bayansa na gaya wa mai kemis gaskiyar abin. Ya ce in haka ne wannan ba na kwalba ba ne, a kai ta asibiti yau. Na kai saƙon. Mai Sikeli ya ce in Allah ya yarda, da zarar an gama kayan da ke ƙasa, masu saye suna jira. Aka gama su, wasu suka zo.

Da na ga haka sai na sa hulata na tafi ofishin masu duba-gari. Na yi zaman jira, na faɗi abin da na gani, har da tsaka. Maganar tsakar ce ta sa suka yi dariya, amma dai suka zo, su biyu, bayan kwanaki. Na hau benci ina kallo. Tsakar gidan a share tas. Mai Sikeli ya tarbe su da fara'a, ya nuna musu ko'ina. Ɗayansu ya shinshina iska ya nuna ɗakin baya.

"Can fa?"

"Gwaggona ce a ciki, ranka ya daɗe," ya ce, ya rage murya. "Ba ta da lafiya. Tari ne, muna zaton mai yaɗuwa ne, shi ya sa muka killace ta. Amma bismillah, in za ku shiga."

Kamar an shirya, sai tarin ya taso daga ciki, mai tsawo, mai ƙarar tsagewa. Mutanen suka dubi juna, suka ja da baya.

"Kun yi daidai da kuka ware ta," in ji babban. "Allah ya ba ta lafiya."

Na ɗaga murya na ce, "Ku buɗe ƙofar! Duron yana ciki!"

"Tsohon nan ne," matar ta ce tana murmushi. "Da ƙadangaru ma hira yake yi."

Suka tafi. Ciwon da ɗakin ya sa mata, shi ya zama makullin ɗakin.

Bayan wannan Gwaggo ta daina iya kwanciya. A zaune take barci, ta jingina da bango. Ƙafafunta suka kumbura. Amma ƙarar sandar ba ta daina ba, sai dai ta yi rauni, tsayawar ta fi juyawar tsawo. Wata yamma ta rarrafo gindin katanga, a hannunta akwai wani ƙaramin faifai da ba a gama ba.

"Mai Laima, ko kana da 'yar rigar waya? Shuɗiya nake so. Bakin nan ne ya rage."

Na shiga ɗaki na yanke wayar tsohuwar rediyona, na fere ta da wuƙar aikina, na miƙa mata robar. Jan ƙarfen kuma na ɗaga shi sama yadda duk mai leƙe zai gani, na jefa a tsakar gidansu. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Kai ma ka koyi tsoro," ta ce. Da ta samu numfashi sai ta ƙara: "Hayaƙin da sauƙi. Kallon ne. Na goya yaron nan a bayana, yau in na wuce sai ya dubi hannuna. In na riga ka tafiya, ka ce su warware. Duka. A gaban mutane."

"Ke za ki gaya musu da bakinki."

"Bakin ya ƙare, tsoho."

Ba a yi nisa ba. Wata rana da hantsi ina zaune jikin bango sai na ji sandar ta yi ƙurr sau ɗaya ta yi shiru. Na jira tarin. Bai zo ba. Na buga bangon da tafin hannu, na kira ta. Na zagaya da gudun da ƙafata ta iya, na shiga gidan ba sallama, na ture matar daga hanya, na fizge tsumman na banka ƙofar. Hayaƙin ya buge ni a ƙirji kamar an jefe ni da bulo. Gwaggo tana zaune jikin bango, sandar a hannunta, wutar tana ci kore a gabanta.

Ni da tela muka fito da ita. A ranar aka samu motar zuwa asibiti, nan da nan kuwa. Ba ta kai la'asar ba.

Masu gaisuwa suka zo suka cika ƙofar gida. "Tsufa ne." "Ta daɗe tana fama." "Kun yi ƙoƙari, kun riƙe ta har ƙarshe." Mai Sikeli yana amsawa da jajayen idanu, kuma na yarda kukan nasa na gaske ne. Na matsa kusa da shi na faɗa masa saƙonta. Ya ce, "Baba, yanzu lokacin wannan ne?"

Da baƙi suka watse, wata rana da rana tsaka, na ji ana jan duro a tsakar gida. Na hau benci. Matar ta fito da buhun faifan Gwaggo ta zazzage. Ja, shuɗi, rawaya, kore, suka baje a ƙasa kamar an zubar da lambu. Har da ƙaramin nan mai shuɗin baki, ashe Gwaggo ta gama shi.

"Cewa ta yi a warware," na ce.

"Warwarewa aiki ne," in ji Mai Sikeli. "Wa ke da lokaci?"

Ya cusa su a duro, ya zuba kananzir, ya ƙyasta. Hayaƙin ya taso baƙi ƙirin. Ƙaramar 'yarsu ta rugo tana son ganin wuta. Matar ta daka tsawa har tsuntsaye suka tashi daga kan rufi:

"Ke! Koma ciki! Ku kwashe yaran nan, ku rufe ƙofa! Wannan hayaƙin guba ne, kashe mutum yake yi!"

Mai Sikeli kansa ya shaƙa sau ɗaya, ya sarƙe da tari, ya naɗe fuska da riga, ya koma can bakin zaure yana miƙo sandar daga nesa. A fili ne fa, ga iska, ga sama a buɗe.

Sai matar ta juyo, idonta ya faɗa cikin nawa. Ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Ni wutar nake kallo. Ta ci ja, ta ci rawaya, ta yi baƙi. Na jira koren har ta mutu. Bai fito ba, ko na ƙiftawar ido.

Da duron ya huce, Mai Sikeli ya kifar da shi. Ya tona da sandar Gwaggo. Ya tsuguna ya murtsuke dunƙulen baƙar robar da yatsu. Ya ce a kawo rariya, ya tankaɗe tokar. Babu ko silin gashi na jan ƙarfe. Ya daɗe a tsugune, hannuwansa baƙi, yana kallon rariyar.

"Ƙila ta riga ta fitar da shi," matar ta ce a hankali. "Ai akwai wanda ta bayar."

Na sauka na ɗauko nawa daga kan kofi, na hau na miƙa ta kan katanga.

"Ga shi. Shi kaɗai ya rage. Ga wuƙata. Warware, ina kallo."

Ya dubi faifan. Na ga hannunsa ya motsa, ya tsaya.

"Bar shi, Baba," ya ce. "Ni ban taɓa zargin ta ba."

Faifan yana nan a kan kofina. Mutanen unguwa har yau suna yabon Mai Sikeli, mutumin da aka yi wa magana sau ɗaya ya kawar da hayaƙi daga kan shanyar jama'a. Ba wanda ya tambayi inda ya kai shi. Na san inda ya kai shi, don da hannuna na ɗauko Gwaggo, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan.

Tsakar ba su dawo bangon ba. Ina ganin sun fi mu sanin gidan. Buhunan waya sun taru a zaure, ba mai juya sanda, an mayar da duron ɗakin baya, ba a cire kwalin tagar ba. Jiya da yamma na ji matar tana zuba wa mijinta ruwa tana cewa akwai wata innarta da ba ta da kowa, tana zaune ita kaɗai, abin tausayi, ya kamata a ɗauko ta a riƙe.

"Tana da ƙarfi dai?" ya tambaya.